Tsohuwar Bayan Kicin

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Baban Mercy ya dawo. Na gode wa Ubangiji. Da azahar adaidaita sahu ta sauke shi a ƙofar gida, shi da Fasto da ya tsaya masa beli, rigar jikinsa ita ce dai ta ranar Alhamis. Na yi niyyar ba zan yi kuka ba saboda idon 'yan layi, amma ina! Ya yi wanka, ya ci tuwo malmala biyu, ya miƙe a tabarma a falo, nan take barci ya kwashe shi. Ina zaune ina jin minsharin nan da na yi shekaru ina mita a kansa, yau kuwa daɗi yake min.

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun kafin kaina ya cakuɗa shi.

Sokawen gidan nan, wato ramin ruwan banɗaki, ta cika, ga damina na tafe, sai muka kira Audu mai haƙa ya yi mana sabuwa a bayan kicin. Ranar Alhamis da hantsi, ramin ya riga ya shanye tsayinsa, diga ta daki wani abu. Ya share ƙasa da hannu, sai ga ƙoƙon kan mutum. Habila, Baban Mercy ɗin, na gida, aikin yamma gare shi ranar. Ya leƙa ya gani, ya shiga ɗaki ya zare farin zanen gadonmu, ya sauka ramin ya lulluɓe kan. Ya kuma ce wa Audu ya rage murya.

To, shi ke nan fa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, hannunsa ba ya iya barin fuskar mamaci a buɗe. Ko a titi ya tarar da hatsari sai ya nemi abin rufawa. Kuma ba a ɗaga murya kusa da gawa, haka yake koya wa duk sabon ma'aikaci. Ni na san da haka, Audu bai sani ba. Ya fita a guje yana ihu wai an samu kan mutum a gidan mai aikin gawa, kuma maigidan na ƙoƙarin ɓoyewa. Kafin in dawo daga makarantar da nake koyarwa a Unguwa Uku, layinmu ya cika maƙil. An fasa mana gilashin taga ɗaya da dutse. Ba don Mai unguwa Lawan ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa har 'yan sanda suka iso suka tafi da Habila ba, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Yana gida dai. Wannan ya ishe ni na yau.

Lahadi, 21 ga Afrilu

A coci kowa ya rungume mu, kowa kuma da shawararsa. Matan zumunta sun ce mu tattara mu koma garinmu Kwoi tun muna da sauran ƙafafun tafiya. Na ce musu zan yi tunani. Ni kam na riga na gama tunanina tun ranar Alhamis.

Talata, 23 ga Afrilu

An kira Habila daga wurin aiki, an ce ya zauna a gida har a gama bincike. Ya ce to, ya ajiye waya, ya shiga goge takalman aikinsa. Takalman da ba inda za su je.

Abin da ke cinsa ba zaman gida ba ne. Da nake zuba masa shayi ya ce, "Maman Mercy, wai ni ne zan wulaƙanta gawa?" Mutum nawa a Gyadi-Gyadin nan suka buga mana ƙofa ya tashi ya taimaka a ba su mamacinsu da wuri, su samu su kai shi kafin la'asar? Yanzu sunansa ya koma mai sayar da kan mutane. In har aka bar wannan sunan a kansa, ko kotu ta wanke shi ya mutu a tsaye.

'Yan sanda sun rufe ramin da tamfol, sun bar ɗayansu yana gyangyaɗi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ranar da suka zo sun ɗan ƙara share ƙasa, aka ga gwiwoyin gawar a naɗe har ƙirji. Mai unguwa ya shigo da yamma, ya zauna a bakin baranda, ya ƙi shan ko ruwa. Ya ce, "Malama, abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne kwanciyar. Ba ta kallon alƙibla irin tamu, ba kuma a miƙe take irin taku ta akwati ba. An dunƙule ta ne. Mutane na cewa wanda aka binne da mutunci ba a dunƙule shi." Ni ma da na leƙa abin da na gani ke nan, kamar an cusa mutum a rami cikin sauri.

Sai maganar da ta fi ƙona ni. Hajiya Balaraba, Maman Haisam, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara goma sha biyar. 'Yan sanda sun tambaye ta a ƙofar gidanta ranar Alhamis, Mercy ta ji da kunnenta. Wai ta ce, "Ni ban san komai a kansu ba, tsakaninmu gaisuwa ce kawai."

Gaisuwa ce kawai! Ni da ta kusa karya min yatsu a ɗakin haihuwa ranar da aka haifi Haisam.

Kwanonta na nan a kicin ɗina, ɗan samira mai furen ja a murfi. Ranar Laraba ta miƙo min dambu da zogale ta kan katanga, na ce Alhamis zan mayar mata da faten acca, don tana mutuwar son sa. Tunda muke ba a taɓa mayar da kwanon nan babu komai a ciki ba. Na wanke shi na kife a saman kantar kicin. Ba zan cika shi ba, ba kuma zan iya miƙa shi fayau ba. Ya zauna nan.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na cika jakunkuna huɗu, irin masu zanen dara ɗin nan. Zannuwa, labule, ragowar accar da aka aiko mana daga gida, har da turmin ƙarfe. Mercy ta dawo daga makarantar koyon jinya ta tarar da su a jere a falo, ta ce, "Mama, ni fa a Kano aka haife ni, Kwoi hutu nake zuwa." Na ce to ki zauna ki jira dutse na biyu. Ta yi fushi, ni ma na yi. Babanta bai sa baki ba, ya dai ce sharuɗɗan beli ba su yarda ya bar gari ba. Wato jakunkuna za su jira.

Labari ɗaya mai sanyi: likitan da 'yan sanda suka kawo ya duba kan, ya ce wannan ƙashi ya fi ƙarfin aikinsa, a nemo masu nazarin ƙasusuwan mutanen da. An ce wata za ta zo daga Zariya.

Litinin, 29 ga Afrilu

Ta zo. Dakta Samira, 'yar siririya, da hijabi ruwan toka da takalman roba na shiga gona. Na zaci wata ƙatuwar mota za ta zo da injina. Sai ga ta da abokan aiki biyu, da bokitai, da rariya, da ɗan cokalin magina, da buroshi irin na fenti. Na ce a raina, da wannan buroshin ai sai Kirsimeti.

Amma ta iya gaisuwa, wannan na ba ta. Ta durƙusa ta gai da Habila, ta ce, "Baba, an ce kai ka rufe shi da zane?" Ya ce e, yana jiran abin da zai biyo baya. Ta ce, "Na gode. Ranar nan ta Afrilu da ta yi kwana biyu tana dukansa da ya tsattsage." Tun Alhamis ɗin nan ba wanda ya ce masa ya kyauta.

Ta shiga ramin tun safe, ba ta ko taɓa ƙashin ba. Bangon ramin ta wuni tana kankarewa tana kallo. Ni dai na dafa musu shinkafa da wake.

Talata, 30 ga Afrilu

Buroshi, rariya, buroshi. Ɗan sandan ma ya bar gyangyaɗi ya zo kallo.

Alhamis, 2 ga Mayu

Yau na yi numfashi har cikin cikina.

Da la'asar ta kira ni da Habila da shugaban 'yan sandan da ke riƙe da maganar, ta ce mu tsuguna mu kalli bangon ramin. Ta nuna daga sama. Baƙar ƙasa, cike da ledar ruwa da marafen lemo da tsumma, wannan tamu ce. Ƙasa da ita toka-toka, ta gonakin da suka riga unguwa. Sai jar ƙasa mai tauri da tsingaro a ciki, sai can ƙasa inda mamacin yake. Kowane layi a kwance sumul, ba inda ya yanke. Ta ce, "Yallaɓai, duk wanda ya haƙa rami a Kano cikin shekarun nan ya mayar da ƙasa, sai ledar ruwa ta bi shi har gindi. Mun tace ƙasar da ke kewaye da shi kaf, ko ƙyallin leda babu." Shugaban ya yi dariya, ya ce wannan shaida ko kakarsa za ta gane.

Sannan ta ce mace ce, ƙashin ƙugu ya nuna, kuma ta manyanta sosai kafin ta rasu. Haƙoran da suka rage mata sun siɗe lumus saboda tsakuwar dutsen niƙa da ke bin gari. A ƙugunta akwai duwatsun jigida a jere yadda zaren ya bar su. Kusa da hannunta ga wata 'yar tukunya, ta tsage amma tana zaune daram. Shekarunta a ƙasa kuwa ta ce ba za ta yanke ba sai an auna, amma ɗaruruwa ne, ba gomiya ba.

Na tashi na shiga kicin don kada su ga fuskata. Na yi ta cewa na gode Yesu, na gode Yesu, har miya ta kama. Da na fito na tarar da Habila zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na lilo a ciki kamar yaro, yana tambayar Dakta yadda ake gane shekaru a ƙashi.

Mace ce ashe. Duk kwanakin nan ina ce mata abin nan.

Asabar, 4 ga Mayu

Dakta ce ta nemi a kira dattawan layi kafin a ɗaga ta. Ni ban so ba. Na ce masu jifa ne za su shigo min gida su tattake min yakuwa? Ta ce, "Mama, takardar 'yan sanda za ta wanke Baba a ofis. Unguwa kuwa sai ta gani da idonta."

Mai unguwa ya zo da mutum shida. An yaye tamfol. Yanzu an share ta gaba ɗaya, kuma ni kaina sai da na ja baya. Tana kwance a gefenta, gwiwoyi a naɗe, tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Haka Mercy ke barci tun tana jaririya.

Dakta ta ce ramin nata an daidaita shi, an share gindinsa, an tokare bayanta da duwatsu don kada ta mirgina. Ta ce mai sauri ba ya tsayawa gyara wa mamaci hannu, ba ya barin jigida, ba ya ajiye tukunya. Haka mutanen wancan zamani ke kwantar da nasu a wurare da dama na ƙasar nan. Alhaji Zakariyya mai shagon siminti, wanda aka ce shi ya fi kowa zafi ranar Alhamis, ya ce, "To Dakta, ke nan ba musulma ba ce?" Ta ce, "Alhaji, da wuya a ce kiran salla ya iso wannan dajin a lokacinta. Mishan kuwa ko mafarkinsu ba a yi ba. Ta yiwu kakata ce, ta yiwu taka ce." Mai unguwa ya ce in dai don taurin kai ne, ta Alhaji ce. Aka yi dariya, har shi Alhajin, ko da yake tasa ta makara.

Sai na tuna kakata ta taɓa ce min kafin zuwan mishan ba a miƙe ake binne mutanenmu ba. Ina yarinya lokacin, na ɗauka tsoratarwa ce. Kwana nawa ina kallon ramin nan abin bai faɗo min ba.

Da za su tafi Mai unguwa ya kama hannun Habila a gaban kowa ya ce, "Malam Habila, da ka rufe ta, abin da ya kamata mu yi ne ka riga mu." Ya ce zai sa a yi bayani a masallaci bayan la'asar, kuma an yi, na ji ta lasifika ina tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu. Audu ya zo da magariba ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa. Ni da na so ya ɗan daɗe a tsugune. Habila ya ce ya tashi, Litinin ya zo a nemi wani wurin sokawe.

Matan layi sun yi ta leƙe ta ƙofa. Hajiya Balaraba kam ban gan ta ba.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na yi barcin rana har Mercy ta taɓa ni ta ga ko ina numfashi.

Laraba, 8 ga Mayu

An ɗaga tsohuwar yau, ƙashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne a naɗe cikin takarda mai laushi. Dakta ta bar Habila ya taya su, ta ce hannunsa ya fi na ɗalibanta natsuwa. Shi ya ɗauki kan. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa yadda yake yi a wurin aiki, wai "Sannu Inna, yi haƙuri, yanzu za mu gama."

Da aka zo ƙashin cinyar hagu Dakta ta kira ni. A karkace yake, da wani ƙullutu a tsakiya. Ta ce karaya ce, mummuna, amma ta warke tun shekaru da yawa kafin rasuwarta. Ƙafar ta gajarce, da ɗingishi ta ƙare rayuwa. Ta ce, "Mama, mai irin wannan karayar wata da watanni ba ta iya zuwa rafi, ba ta iya niƙa, ko bayan gida sai an ɗauke ta. Wani ya yi mata ɗori, wani ya yi ta kawo mata abinci." Ta nuna min muƙamuƙi kuma, turamen haƙora duk sun zube tun tana raye, dasashi ya rufe. Wato a ƙarshe sai abu mai laushi take ci.

Na ce 'ya'yanta ne ke nan. Ta ce, "Ƙashi ba ya faɗin wannan. Ko 'ya'ya, ko na gidan da ke kusa."

A gindin 'yar tukunyar akwai ƙwayoyin gero da suka ƙone suka zama gawayi. Da su za a auna shekarun, za a tura su waje. Ban san me ya sa wannan ya tsaya min ba. An sallame ta da abinci a kwano, shi ke nan fa, ba wani abu ba.

Habila ya roƙi abu ɗaya, in an kai ta Zariya kada a bar fuskarta a buɗe in ba aiki ake ba. Dakta ta ce ya ba ta zanen. Zanen gadona mai kyau! Haka na haƙura.

Talata, 14 ga Mayu

An yi ruwan farko mai ƙarfi, sabuwar sokawe ta riƙe. Tsohon ramin mun cike shi. Ina ratsa wurin in zan shanya kaya, sai na lura kewayewa nake yi.

Ina shanyar na ji muryar Hajiya ta bayan katanga. "Maman Mercy, ina kwana? Ya muka ji da ruwa?" Na ce lafiya lau. Ta tsaya tana jira, ina jin numfashinta. Na ɗauki bokitina na shige. Ai gaisuwa ce kawai, na kuwa amsa.

Laraba, 22 ga Mayu

'Yan sanda sun rufe maganar, an ɗage belin. Ya koma aiki yau. Tun asuba yake fama da guga, ya fita da takalman nan suna ƙyalli, mai shayin bakin layi ya ɗaga masa hannu, ya ce Baba an dawo ke nan. Na tsaya a ƙofa har ya sha kwana. Kai, Ubangiji mai aminci ne.

Yanzu ba abin da ya hana mu tafiya. Na faɗa masa da yamma. Ya ce, "Tafiya ina?" kamar bai taɓa ganin jakunkunan da yake tuntuɓe da su kullum ba. Na kawo maganar Hajiya. Ya ce, "Maman Mercy, kin ga idon mutanen nan ranar. Mijinta na Legas, ita da yara kaɗai. Da ta ce mu nata ne, dutsen nan gida biyu zai faɗa." Na ce da ni aka tambaya, da na faɗi gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Wataƙila." Wannan wataƙilar ta ba ni haushi fiye da zagi.

Ni fa ban ce ta tare dutse ba. Cewa na yi kada ta ce ba ta san ni ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Tun watan jiya nake tarar da ƙofar gida a share tas da safe, har da yayyafin ruwa. Na ɗauka Habila ne, yau na yaba masa. Ya ce shi da tsintsiya? Mercy ta ce, "Mama, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Hajiya ce. Tana idar da sallar asuba take fitowa, ta share nasu ta zarce namu."

Na ce wa ya sa ta.

Alhamis, 13 ga Yuni

Dakta Samira ta kira. Sakamakon gero ya dawo, wajen shekara ɗari takwas, ko ya ɗara kaɗan. Ɗari takwas! Na sa ta maimaita. Ta ce za su ci gaba da nazarin haƙoran don su san ko a nan ta girma ko aure ya kawo ta daga wani wuri. Ta ce zanen na nan a kan fuskar tsohuwar.

Na zauna a bayan kicin bayan mun gama. Shekara goma sha biyar ina wanke-wanke a saman kabarin tsohuwar nan, ina zagin Habila in ya makara, ina raira waƙoƙin zumunta da muryar nan tawa. Duk ta sha. Ni da nake cewa mu baƙi ne a layin nan, ashe kowa baƙo ne a wurinta, har Mai unguwa. Ko ita ma daga wani wuri aka kawo ta? Ko ta taɓa ɗaure kayanta ta ce ta gaji da mutanen nan?

Wanda ya yi mata ɗorin nan nake ta tunani. Ba lallai kullum suna shiri ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Gobe babbar salla, layi ya cika da kukan raguna.

Faten acca na yi sha'awa, ba wani dalili. Accar tana can ƙasan jaka ta uku, sai da na zazzage labule da zannuwa kafin in kai gare ta. Tunda labulen sun fito Mercy ta mayar da su tagogi, ban hana ta ba, rana na damun falon. Yakuwar da ta tsiro a kan tsohon ramin ta yi kyau ƙwarai, na tsinko. Hannuna ya zarce wurin awo, tukunya ta cika har baki, mu uku ba za mu iya da shi ba, ga wuta ba ta tsayawa balle a sa a firji.

Kwanon Hajiya ya yi ƙura a saman kantar kicin. Na sake wanke shi.

Ban yi sallama ba, na dai taka turmi na ɗora shi a kan katanga na ƙwanƙwasa murfin. Hannunta ya fito ya ɗauka. Na ji ta buɗe. Can ta ce, "Rifkatu." Tunda muke ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce a ci da zafi, in ya huce ba ya daɗi, na sauko da sauri don miyata na kan wuta.

Ban ce na huce ba. Ban kuma ce na fasa Kwoi ba. Na dai gaya wa Mercy gobe kada ta yi nisa da katanga, kwanon nan in ya sha nama nauyi gare shi.